Ta Dama Take Dawowa

Shekara huɗu yayana yana gaya mana magana ɗaya a waya: "Za ta zo a sama." Sama a bakinsa ita ce dogon hutun da makarantun Amurka ke farawa a watan Yuni, haka bakin mutanen Gana ke furta kalmar. Mma, mahaifiyarmu, ba ta taɓa barin maganar ta wuce ba.

"To da ta ƙasa za ta zo?" in ji ta. "Ai na san jirgi za ta hau. Yaushe nake tambaya."

Sai ya yi dariya, ya ce layin ba kyau, zai sake kira.

Yarinyar da ake magana a kai 'yarsa ce. Uwarta ta rasu tana da wata bakwai, aka kawo ta ɗakin Mma a unguwarmu ta Nima a naɗe cikin tawul. Sunan mahaifiyar Mma aka sa mata, don haka Mma ba ta taɓa kama sunan ba, "uwata" take ce mata. A bayan Mma ta yi wayo, a bakin lungu inda Mma ke sayar da koko da ƙosai, kuma gado ɗaya suka kwana shekara goma sha biyu. Da takardun yayana suka daidaita, ya zo ya ɗauke ta. Ba wanda ya ce ya yi laifi, 'yarsa ce. Mma da kanta ta kitsa mata kai ranar tafiyar.

Ni kuwa malamar Turanci ce a wata makaranta a Maamobi, ɗalibaina 'yan shekara sha uku zuwa sha biyar. Ina da kabad ɗaya a bayan aji da nake kira ɗakin karatu, ba kunya ba tsoron Allah. Mutanen gidanmu suna cewa ina da saurin fushi. Ni dai na san murya Allah ya ba ni, kuma ba na son a maimaita min shirme sau biyu. Ɗakina yana jikin na Mma, bango ɗaya ya raba mu.

A shekara ta huɗu, farkon Yuni, ruwa ya sauka kamar ba zai tsaya ba. Babbar kwatar da ta raba Nima da Maamobi ta cika ta kawo, ledoji da robobi suna yawo a kai. Wata safiya da ruwan ya ɗan tsagaita, sai ga wani borga ɗan unguwarmu, irin waɗanda ke dawowa daga ƙasashen waje da agogo mai nauyi da turare mai hawa kai. Ya yi sallama da kwali a kafaɗa, ya ce saƙon yayana ne. Mma ta amsa sallamar, amma ba shi take kallo ba. Leƙen bayansa take yi, ta ƙofar gida har cikin lungu. Na ga lokacin da ta tabbata ba kowa a bayansa. Ta gyara ɗankwali, ta ce a kawo wa baƙo koko.

Littattafai ne a kwalin, sababbi fil, har ƙamshin takarda suke yi. Yarinyar ta sa 'yar wasiƙa a sama: makarantarsu ta ba su jerin sababbin littattafan matasa da za su karanta a hutu, ita kuma ta tuna da kabad ɗina. Akwai na labaran gaskiya, ɗaya a kan yadda teku ke cinye garuruwan gaɓa, ɗaya a kan wata budurwa da ta koyi gyaran inji, wani a kan ƙudan zuma. Akwai kuma uku na zane, irin waɗanda ake ba da dogon labari da hotuna cikin akwatuna, maganar mutane tana fitowa a wani kumfa kusa da bakinsu. Wallahi na yi murna. Yarana ba su taɓa riƙe littafin da ba a riga an yage masa bango ba.

Ɗaya daga cikin na zanen a naɗe yake daban, an rubuta "Kaka" a jikin takardar. Na miƙa wa Mma, na ce jikarki ta aiko miki. Na riga na makara, na ɗauki lema na yi makaranta.

Da na dawo bayan la'asar, na same ta a kan buzun sallarta, tabarau a hanci, littafin a cinya. Fuskarta ta canza gaba ɗaya.

"Zo ki gani," in ji ta. "Uwata ta aiko da magana."

Ina zama na ga abin da ya faru. Mma ba ta yi boko ba ko na kwana ɗaya. Makarantar allo ta yi, ta sauke tun tana budurwa, kuma ba safiyar da ba ta buɗe Alƙur'ani. Littafi a wurinta ta dama ake buɗe shi. To haka ta riƙe wannan ma, bangon baya a sama, tana juya shafi daga ƙarshe zuwa farko. Na buɗe baki zan gyara mata, sai ta ɗora yatsa a kan hoton ta fara.

"Kin ga wannan? Budurwa ce, ita kaɗai a ɗaki, ga sanyi a taga. Ga waya a kunnenta, ga tsohuwa can a ɗaya gefen. Dubi abin da ke bakinsu, ba komai a ciki. Ba su da magana."

Gaskiya ne, kumfar maganar fara ce fat. Ta juya shafi.

"Nan kuma an fara samu. Kalma ɗaya, biyu. Kin gani? Bakinta yana buɗewa."

Haka ta yi ta ja na. Yawancin hotunan manya ne, wani ya cika shafi guda, don haka labarin ya bi ta yadda take so, inda kuma ya karkace sai ta miƙar da shi da bakinta. Yarinyar ta cire babbar rigar sanyi. Ga filin jirgi. Ga jirgi a sama. Ga akwati a buɗe a kan gado, tsohuwa ta sunkuya a kai, Mma ta ce kayan take fitar mata. Ga tsohuwar a bakin ƙofa ta ɗaga hannu, hawaye a kumatu.

"Oyoyo take yi mata," in ji Mma.

Ni na san ban kwana ne. Akwatin nan shirya shi ake yi, ba kwashewa ba. Amma mai zanen bai san zai haɗu da Mma ba, kuma hawaye iri ɗaya ne ko ta ina ka fito masa.

Na ce, a hankali, don in ba ta hanya ta gano da kanta, "Mma, ba ki ga yarinyar sai ƙanƙancewa take yi ba? Can budurwa ce, nan ga ta ba ta kai kafaɗar tsohuwar ba."

Ta dube ni ta saman tabarau kamar na yi tambayar wauta.

"Ke da boko. Wa ya taɓa dawowa gida bai koma yaro ba?"

Ta ci gaba har ta kai shafin da ya zama na ƙarshe a wurinta: jaririya a bayan tsohuwa, ana soya wani abu a kasko. Ta shafa hoton da tafin hannu. Daga nan ta juya, sai ga cikin bangon gaba, cike da rubutun biro. Rubutun yarinyar ne, na san shi, ni na koya mata riƙe fensir.

"Nan me ta ce?"

Na karanta a zuci. Da Turanci ta rubuta, kuma ni ta rubuta wa. Ta ce, Gwaggo, ki karanta wa Kaka littafin nan, labarin gaskiya ne na wadda ta zana shi, amma ni ce a ciki. Ta ce ba za ta zo bana ba, kuma ba ta san yaushe ba. Ta ce Hausar ta zube mata, in ta buɗe baki gaisuwa kawai ke fitowa. Tana tsoron ta zo ta zauna a gaban Kaka su yi ta kallon juna. Ta ce in roƙa mata gafara.

Mma tana jira. Yatsanta yana kan rubutun, ta gefen dama.

Na ce, "Ta ce tana gaishe ki. Ta ce tana nan tafe."

Ni da nake zane ɗalibi da baki in ya ce ya manta littafinsa a gida alhali bai yi aikin ba. Ƙaryar ta fito min sumul, ko sarƙewa ban yi ba.

Washegari Mma ta fara shiri. Ta sa aka fitar da katifa rana, ranar da ba ta fi awa ɗaya ba kafin hadari ya sake haɗuwa. Ta kira mai fenti ya shafe bangon ɗakin inda damshi ya ci. Da gwiwoyin nan nata da ke hana ta ruku'u sai a kujera, ta hau trotro, motar hayarmu, har kasuwar Tudu, ta dawo da sabon zanin gado mai furanni shuɗaye, ta shimfiɗa, ta hana kowa zama a kai. Ita kanta ta koma kwana a gefe ɗaya. Ta wuni guda tana soya shito, yajin nan baƙi mai busasshen kifi da yarinyar ke lashewa da cokali tun tana ƙarama, hayaƙinsa ya sa duk gidan tari. Ta cika babbar kwalba ta ɗaure bakin da leda.

A makaranta kuwa littattafan sun tayar da ƙura. Sai da na yi jerin suna, kowa kwana uku. 'Yan matan da ban taɓa ganin sun karanta komai don ra'ayin kansu ba suna faɗa a kan na gyaran inji. Na teku ya sa wata ta zo ta ce min garin kakarta ne aka kwatanta, can gabas, inda ruwa ya cinye masallaci da coci a shekara ɗaya. Ya kamata in ji daɗi, abin da na yi shekaru ina nema ke nan. Amma ina tsaye gaban allo, hankalina yana kan zanin gado mai furanni.

Matan gidanmu suka ji labari. Kullum in an sauke tukunyar rana sai su taru a barandar Mma ta karanta musu littafin. Har ta iya shi kamar hadda. Akwai wata 'yar haya, ma'aikaciyar jinya ce daga Kotobabi, mace mai kirki, Hausarta rabi yaren Tuwi rabi Turanci. Ranar da ta fara zama a wurin, ta leƙa ta ce, "Ah, Mma, littafin nan ka riƙe shi baya baya fa."

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Wa ya tambaye ki? Allura aka ce ki iya ko karatu? Ku mutane ba ku iya ganin abu ku yi shiru!"

Matar ta saki baki. Mma ta ce min in zauna, ba a yi wa maƙwabci haka. Ta gyara tabarau ta ci gaba daga inda ta tsaya, ba ta ko dubi bangon littafin ba. Daga baya na je na ba matar haƙuri, na gaya mata dalili. Ta riƙe hannuna ta ce, "Anti, wannan abu zai fashe a kanka." Na ce na sani.

Ranar Asabar na fita bakin kwata, inda Mma ba za ta ji ba, na kira yayana. Na wanke shi tas. Na ce ya ɗauke yarinya ya kai ta inda aka cire mata harshe, ya bar tsohuwa tana fentin ɗaki. Na ce shekara huɗu yana mana waƙar sama, sama, shi ko kunya ba ya ji? Masu wucewa har tsayawa suke yi. Ya bar ni na gama, sannan ya yi magana, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Kin ɗauka ni na hana ta? Tun bara nake roƙonta. Na ce mu je tare, ta ƙi. In na yi mata Hausa a gida, da Turanci take amsawa, in na matsa ta shiga ɗaki ta yi kuka. Ina fita aiki tana barci, in dawo tana makaranta. Ki gaya min yadda zan yi, ke da kika iya faɗa."

Na fito da fushina cike da ciki, na rasa wanda zan sauke wa. Na tsaya ina kallon ruwan kwata har wayar ta mutu a hannuna.

Abin da ya fi ci min rai shi ne kiran ranar Lahadi. Yarinyar ta kira ta bidiyo bayan la'asar, ni ke riƙe wayar, ni ce kuma tafinta. Ta girma, fuskar uwarta sak.

"Kaka, ina wuni."

"Lafiya lau, uwata. Ya sanyi?"

"Lafiya lau. Na gode."

Shi ke nan, Hausar ta ƙare. Mma ta ɗago littafin ta nuna wa wayar.

"Na karanta, uwata. Na gane abin da kika ce."

Na fassara mata wannan daidai. Yarinyar ta rufe baki da hannu, idanunta suka cika. Ta tambaye ni da Turanci, da gaske ta gane? Ba ta yi fushi ba? Na ce ba ta yi fushi ba.

"Me ta ce?" in ji Mma.

"Ta ce tana kewarki."

"Gaya mata na gyara gado. Gaya mata shito yana nan, kada ta cika ciki a jirgi."

Na juya ga wayar na ce Kaka ta ce ki kula da kanki, ki ci abinci sosai. Yarinyar ta yi murmushi cikin hawaye, ta ce ta ji sauƙi, ta ce na gode, Gwaggo. Mma ma murmushi take yi. Su biyun suna kallona da godiya, kowacce ta samu abin da take so, kuma ba ɗaya da ta ji abin da ɗayar ta faɗa. Na shiga ɗakina na yi kuka mai ɗaci, na tura fuska a matashi saboda bangon nan ba ya riƙe sirri.

Yuli ya wuce. Yaran borgogi suka cika unguwa, suna yawo da takalma farare suna tsallake taɓo, kakanninsu suna jan su gida gida ana nuna su. Mma tana zaune a bakin lungu da tukunyar koko, duk wanda aka kawo ta ba shi ƙosai ta sa masa albarka. In an tambaye ta nata fa, sai ta ce tana nan tafe. Kullum na yi niyyar gaya mata, kullum na ce gobe. Ba tausayi ba ne kawai, tsoro ne. Tsoron fuskarta nake yi.

Agusta ya ƙare, baƙin suka tattara suka koma. Kowa a Nima ya san abin da wannan ke nufi, an buɗe makarantu a can. Ranar wata Talata na dawo daga aiki, na leƙa ɗakin Mma don in gaishe ta. Na same ta ta cire zanin gadon, tana ninke shi a tsanake, tana mayar da shi cikin ledar da aka sayo shi. Kwalbar shito ba ta kan kabad ɗinta, ashe ta aika wa ma'aikaciyar jinyar nan.

Na durƙusa a bakin gadon. Ban shirya kalmomin ba, haka suka zubo.

"Mma, ki yafe min. Ƙarya na yi miki. Ba ta ce tana zuwa ba. Cewa ta yi ba za ta iya ba, Hausa ta ɓace mata, tana jin tsoro. Kuma littafin nan ba ta nan ake buɗe shi ba. Labarin ba na dawowa ba ne."

Ba ta daina ninkin ba sai da ta gama. Ta tura ledar ƙarƙashin matashi. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauko littafin daga inda take ajiye shi, ta juya shi, ta buɗe ta hagu, daidai yadda ake buɗewa. Ga jaririya a bayan tsohuwa.

"Ku biyar na raina a ɗakin nan da jakunkunan boko," in ji ta. "Ita ta shida. Ni nake sa wa littattafanku bango da takardar siminti. Kin ɗauka ban san ta inda Nasara ke buɗe littafinsa ba?"

Na kasa ɗago kai.

"Ranar da ya zo, kina fita na buɗe shi ta nan. Na bi shi har ƙarshe. Na ga abin da take gaya min, ba sai an fassara ba. Na kuma ga fuskarki lokacin da kike karanta rubutun."

"To Mma, fentin fa? Zuwa Tudu? Me ya sa kika bar ni..."

"Na ce ko Allah zai duba gadon ya ji tausayina." Ta shafa gefen shafin. "Na tsaya a filin jirgi na kalli bayanta sau ɗaya. Ba zan zauna a ɗakina kullum ina kallon tana tafiya ba."

Ta rufe littafin. Ta juya shi, bangon baya ya koma sama. Gefen nan na dama har ya yi baƙi saboda yatsa.

"Ranar Lahadi in ta kira, ki gaya mata daidai, kada ki ƙara kada ki rage. Ki ce wata bakwai aka kawo min ita, ba ta da kalma ko ɗaya a baki, kuma ba mu rasa abin yi da juna ba."

Na gaya wa yarinyar ranar Lahadi, kalma da kalma. Ta yi kuka har ta kasa riƙe wayar. Wani Yunin ya sake zagayowa tun daga lokacin, wani kwalin littattafai ya zo, ita ba ta zo ba. Zanin gadon yana cikin ledarsa.

Amma a ranar Talatar nan, ina durƙushe, Mma ta share min ido da bakin mayafinta, ta matsa ta ba ni wuri a kan katifar da ba shimfiɗa.

"Tashi ki zauna," in ji ta. "Riƙe min wannan gefen."

Ta buɗe ta dama. Ga budurwa ita kaɗai a ɗaki, sanyi a taga.